Shawara Ga Iyaye Da Malamai Kan Koya Wa Yara Kalmomin Turanci

Ya ku iyaye da malamai, akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a makarantunmu, wato a jera wa yaro kalmomin Turanci a allo, a sa shi ya yi ta rerawa har ya haddace, alhali kuwa in an ce ya nuna abin da kalmar take nufi, sai ya yi zuru. Hadda ba tare da fahimta ba, komai daɗinta a kunne, ba ta zama a zuciya, ita ce ke sa yaro ya kai aji shida bai iya roƙon ruwan sha da Turanci ba.

Da farko, a soma da abin da idonsa ke gani: a dafa ƙofa a ce door, a ɗaga cokali a ce spoon, shi ma ya taɓa ya maimaita. Na biyu, a jawo kalmomin da Hausa ta ara, irin su tebur da bokiti da fensir, gama da ma kunnensa ya saba da su, gyaran lafazi kaɗai ya rage. Na uku, kada a wuce kalma biyar a yini, kowace a sa ta cikin gajeriyar jumla, a kuma yi muraja'a a ƙarshen mako. A kula da p da f, domin harshenmu bai bambanta su ba, sai pan ya koma fan.

In ya yi kuskure, kada a yi masa dariya balle bulala, gama tsoro yana ɗaure harshe. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, amin.