Ta Yaya Ƙungiyar Unguwa Za Ta Kai Kukanta?

Wani mai sauraro daga garin Gagarawa, a masarautar Gumel, ya aiko da tambaya: ta wace hanya ƙungiyar ci gaban unguwa za ta kai kukanta ga hukuma?

Godiya gare shi. Hanyoyi biyu ne. Ta farko ta sarauta ce: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har fadar Mai Martaba Sarkin Gumel. Ta biyu ta gwamnati ce: kansilan mazaɓa, shugaban ƙaramar hukuma, sai ɗan majalisar jiha a Dutse.

Mutanen Gagarawa sun san wannan. A zamanin Gwamna Badaru Abubakar, da aka ware wa wani kamfani mai suna Lee filaye don noman rake, manoman yankin sun haɗa kai suka yi ƙorafi kan gonakinsu da diyya. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma ta tanadi biyan diyya.

Don haka ƙungiya ta yi rajista, ta rubuta koke a takarda, mambobi su sa hannu, sakatare ya ajiye kwafi. Koke a rubuce, da kwanan wata, shi ake bibiya a ofis.