Yadda Ake Canza Man Difarenshal Na Hilux Da Sauran Motocin Shiga Daji

 Darasinmu na yau ba a kan waya yake ba, a ƙarƙashin mota yake, amma wayarka za ta yi aiki a ciki.

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ya san cewa daga Bodinga zuwa Shagari kwalta ce. Wahalar mota tana farawa ne idan ka sauka daga titi ka nufi ƙauyuka da gonakin fadama: yashi da ƙura da rani, laka da ruwa da damina. Direbobi da yawa ba sa wasa da baƙin man inji, amma sai mota ta shekara uku ba a taɓa duba man difarenshal ba, har ranar da bayanta ya fara kuka.

Mene ne difarenshal?

Leƙa ƙarƙashin motar ta baya. Wannan ƙullin ƙarfe mai kama da tulu da ke tsakanin tayoyi biyu, inda farfela ta shiga, shi ne difarenshal. Idan mota ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki, shi ne ke ba kowace damar juyawa da nata saurin. Haƙoran giyar cikinsa suna gogar juna da matsi mai tsanani, mai ne kaɗai ke hana su cinye juna. Mota mai jan taya huɗu kamar Hilux ko Land Cruiser tana da shi gaba da baya.

Yadda ruwa ke shiga

A saman aksil akwai ɗan hanci da iska ke fita ta cikinsa. Ka yi tafiya ƙarfen ya ɗau zafi, sai ka faɗa ruwa a mashigi. Nan take iskar ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta wannan hancin ko ta bakin sil. Mai ya gauraya da ruwa, boris ya fara tsatsa. Saboda haka idan ruwa ya taɓa shanye aksil ɗinka tsakanin Yuni da Satumba, duba man a makon, kada ka jira lissafin kilomita. In ba haka ba, kilomita 40,000 ne adadin da aka saba bi.

Kayan da za ka tanada

- Man giya mai lambar API GL-5. Tsofaffin Hilux galibi suna shan 80W-90 ko 85W-90, sababbi kuma 75W-85. Idan difarenshal ɗin LSD ne, sai man da aka rubuta LSD a jikinsa.
- Soket mai lamba 24, shi ne ya fi dacewa da notin baya a motocin Toyota. Na gaba sau da yawa makullin alan mai lamba 10 yake so.
- Sababbin washa guda biyu, roba mai faɗi ta tarar tsohon mai, tsumma, da famfon hannu ko gora mai siririn tiyo.

Kafin ka sayi komai, ɗauki hoton lambar VIN ta motar, ka nemi littafin ƙirarta a intanet. A nan za ka ga irin man da yawansa. Na baya yakan ci lita 2 zuwa 4, na gaba bai kai haka ba. Kada wani ya ce maka baƙin man inji ma zai yi. Ba shi da sinadarin jure matsi, wanda shi ne ke ba man giya warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai.

Matakan aikin

1. Zaga da motar kamar minti goma don man ya yi ɗumi. Tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu, ka tokare tayoyi da dutse. Hilux tana da tsayin da za ka shiga ba sai an ɗaga ba. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

2. Goge laka da yashi daga kewayen notuka biyu: na sama na zuba mai, na ƙasa na zubar da shi.

3. Fara kwance na sama. Wannan ita ce babbar ƙa'idar darasin nan. Idan ka fara tsiyaye man, sannan ka tarar notin sama ya cije, ka tsaya ke nan da mota ba mai, kuma a ƙauye ba kusa da gareji ba. In ya ƙi kwancewa, bar aikin ka kai wa bakanike.

4. Tara roba, ka kwance na ƙasa. Haska fitilar wayarka ka karanta man. Baƙi ko ruwan kasa, tsufa ne kawai. Idan ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Notin ƙasa yana da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe a jikinsa ba komai, amma gutsattsarin da kake ji a yatsa alama ce haƙori ko boris na cinyewa. Ɗauki hoto ka nuna wa bakanike.

5. Bar shi ya tsiyaye sarai. Goge notin, sa sabuwar washa, ka ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba. A yawancin Toyota ƙarfin ɗaurin na baya 49 Nm ne.

6. Zuba sabon mai ta ramin sama har ya fara dawowa ta bakin ramin. Nan ne cikarsa. Jira ɗigon ya tsaya, ka ɗaure da sabuwar washa.

7. Murza hular hancin nan na saman aksil ka tabbata tana motsi. Idan laka ta toshe shi, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 zai sa iskar ciki ta turo mai ta sil, har ya jiƙa birki.

Bayan ka yi ɗan zagaye, sake leƙawa ko akwai yoyo. Tsohon man kuma ka zuba a jarka ka kai gareji, kada ka malalar da shi kusa da rijiya ko fadama.

Abu na ƙarshe

Ɗauki hoton kilomitar da ke dashbod, ka rubuta ranar da irin man a wayarka, ka sa tunatarwa a Google Calendar zuwa ƙarshen damina. Kuɗin lita uku na mai ba ya kama ƙafar kuɗin difarenshal ko na gwanjo, balle asarar kwana a daji da lodin albasa. A darasi na gaba za mu duba man akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, in sha Allahu.