Yaron da Ba Ya Waiwayowa In An Kira Shi

Akan haifi yaro lafiya lau, ya yi zama da rarrafe da tafiya duk a kan kari, amma ya cika shekara 2 bakinsa bai buɗe ba. A kira sunansa sau uku ba zai waiwayo ba, alhali da an motsa ledar biskit a ɗaki na gaba sai ga shi tsaye. Ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. In ƙishirwa ta kama shi sai ya ja hannun uwarsa ya ɗora a kan randa, ko kallon fuskarta bai yi ba. Yakan wuni yana jera marafan kwalba, wanda ya taɓa masa jerin kuwa ya jawo kukan da ba ya jin rarrashi. Ƙarar injin markaɗe ko ta janareta kan sa ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu. Wannan hali shi likitoci ke kira otizim, a gidajen rediyo kuma akan ji an ce galahanga. Ba duk yaron da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamu ne yake da larurar ba, kuma yanke hukunci ba aikin iyaye ba ne. Nasu shi ne su kai shi a duba da zarar zato ya shiga, domin cikin duk abin da za su iya yi babu wanda ya kai jira tsada.

Larurar ba ta Turawa kaɗai ba ce, su dai suka riga mu rubuta ta. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana ta dalla-dalla a 1943, bayan ya lura da yara 11 a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara 100 akan sami kamar ɗaya, ke nan babu unguwa mai jama'a, a Kano ko a Maraɗi, da za a rasa su. An fi gano ta ga maza, kusan ninki huɗu na mata. Nauyinta kuma ba ɗaya ba ne: wani har ya girma ba zai haɗa jimla ba, wani kuwa zai yi karatu mai zurfi ya riƙe iyali, sai dai hulɗa da mutane ta riƙa yi masa wuya. Tushenta yana ga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ciki, kuma binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma. Shi ya sa in an sami ɗaya a ɗaki ake so a sa ido kan ƙannensa, don kusan ɗaya cikin biyar nasu kan zo da ita. Likitocin Turai da Amurka sun shafe shekaru suna ɗora laifin kan iyaye mata, wai ba sa nuna wa 'ya'yansu ƙauna, har bincike ya rushe wannan magana. Ya kamata dangin miji da ke cewa sakacin uwa ne su ji wannan.

Akwai dalilai na gida da ke sa mu daɗe ba mu farga ba. Mu a wurinmu yaron da ba ya haɗa ido da babba mai kunya ne, an ba shi tarbiyya. Wanda za a ajiye ya zauna shiru shi kaɗai, ba ya neman a ɗauke shi, sai a ce mai haƙuri ne, a yaba. In ɗan fari ne abin ya ƙaru, domin uwa tana kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta fito ta ce tana ganin wani abu ba daidai ba. Wasu yaran kuma sukan fara cewa mama, baba, ruwa, sai kalmomin su ɓace tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan shi ne daidai lokacin yaye, sai a ce fushin yaye ne, ko kuwa uwar ta sami ciki ya sha. Abin da ya fi rikita mutane shi ne hadda. Yaro kan iya maimaita karatun da ya ji a Islamiyya ko tallar rediyo kalma da kalma, iyaye su yi murna, ba su lura ba cewa in an tambaye shi me yake so, tambayar yake maimaitawa, ba amsa yake bayarwa ba.

Wani zai ce, ai nauyin baki ne kawai, babansa ma sai da ya shekara 4 ya yi magana. Gaskiya ne akwai masu nauyin baki da suke warwarewa da kansu. Amma a dubi irin wannan yaro da kyau: yana nuna abu da yatsa, yana ɗaga hannu a ɗauke shi, a aike shi ya ɗauko takalmi ya ɗauko, yana wasan girki da ƙasa tare da sa'o'insa. Magana kaɗai ta makara, sauran hanyoyin fahimtar juna duk a buɗe suke. Abin da likitocin yara ke ɗauka alamar a hanzarta shi ne yaro ya shekara 1 ba ya amsa sunansa, ko ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu da kansa ba, ko kuma ya rasa abin da ya riga ya iya, ko a wane shekaru yake. To a auna. In an kai shi aka tarar nauyin baki ne, an yi asarar kuɗin mota da wuni ɗaya. In kuwa aka zauna jira har shekara 7, an yi asarar shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe, waɗannan kuwa ba sa dawowa.

Wani kuma zai ce shafar aljanu ce, ko ɗan ruwa ne, ko baki ya kama shi, don haka wurin malam za a nufa. Babu mai hana uba yi wa ɗansa addu'a, kuma malamai na ƙwarai ba su taɓa cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. A yi masa tofi da asuba a kai shi asibiti da hantsi, ɗaya bai kori ɗaya ba. Abin ƙi shi ne a turara wa ƙaramin yaro hayaƙi a ɗaki rufe, ko a doke shi da sunan aljani ake duka, ko a ɗaure shi, ko a sayar da akuya da gona ana yawo daga wannan mai magani zuwa wancan. Akwai ma abin da ya fi haka hatsari. Farfaɗiya ta fi yawa ga irin waɗannan yara fiye da sauran, ita kuwa tana da magani a asibiti wanda yake tsayar da faɗuwa ga mafi yawan masu shan sa a kan ƙa'ida. Wanda ya ɗauki faɗuwar a matsayin tashin iska ya hana yaro maganin da yake akwai.

Batun allurar rigakafi ma sai an taɓa shi, don mun san abin da jita-jita ta taɓa jawo mana. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zancen cewa allura ke kawo otizim ya samo asali ne daga wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, da ya wallafa rahoto kan yara 12 a mujallar Lancet a 1998. A 2010 mujallar ta janye rahoton, shi kuma aka soke masa izinin aikin likita. A 2019 masana a Denmark suka fitar da binciken yara sama da 650,000, ba su ga wata alaƙa ba. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9 da wata 15, alamun larurar kuma a nan kusa suke fara fitowa fili, ko an yi allura ko ba a yi ba.

A asibiti, farawa ake yi daga na kusa, a nemi takardar turawa zuwa likitan yara. Akwai sassan yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware da Maiduguri. Kada sunan asibitin ya tsorata kowa, zuwa can ba ya mai da yaro mahaukaci. Abu na farko da za a nema shi ne gwajin ji, domin sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani ta jarirai duk suna kashe kunne, kuma Kaduna na da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Otizim ba a ganinsa a gwajin jini ko hoton kai. Likita tambaya yake yi, ya kuma zauna ya kalli yadda yaro ke wasa. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R don yara 'yan wata 16 zuwa 30, ita ma tantancewa take yi, ba hukunci ba. Saboda haka a tafi da wadda take wuni da yaron, ko kaka ce ko yayarsa, a riƙe katin rigakafi, a ɗauki ɗan bidiyo a waya na halin da ake gani a gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a faɗi yadda haihuwar ta kasance, da duk abin da aka taɓa ba shi ya sha. In an ce a je a dawo, a nemi a sa rana.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta mai cewa, tun da ba ya warkewa, mene ne amfanin sani? Hakika babu ƙwaya ko allura ko saiwa da ke cire shi, kuma duk mai tallar waraka a intanet ko a kasuwa aljihun iyaye yake hari. Magungunan da likita ke bayarwa na abin da ya biyo baya ne, kamar farfaɗiya ko rashin barci, su ma ba a sayen su a kemis da ka. Amma rashin waraka ba rashin ci gaba ba ne. Ƙwararrun koyar da magana ba su da yawa a ƙasar nan, cibiyoyin kuɗi kuma sun fi ƙarfin talaka, sai dai mafi yawan aikin a gida ake yin sa. A 2016 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ƙananan ma'aikatan lafiya suka koya wa iyaye yadda za su yi wasa da magana da 'ya'yansu, aka ga yaran sun ƙara neman hulɗa da kansu. Dabarun ba masu wuya ba ne. A durƙusa daidai tsayinsa, a shiga wasan da yake yi maimakon a ƙwace. A riƙe kofi a ce ruwa, a ɗan dakata ya yi yunƙuri, ko da ido ko da hannu, sannan a ba shi. A gajarta magana, a tsayar masa da lokacin ci da wanka da barci, a sanar da shi kafin a sauya abu. Gidanmu mai cike da kakanni da 'yan'uwa, in an koya musu, ya fi wata cibiya yawan malamai.

Saura kunya, wadda ke sa a kulle yaro a uwar ɗaka don kada a ce gidan wane akwai irinsa, 'yan'uwansa mata su rasa manema. Kullewa ba ta ɓoye komai a unguwa, sai dai ta hana shi makaranta. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu kyauta har sakandare, a 2020 kuma aka kafa hukumar da ke kula da ita. Aiwatarwa na da rauni, kowa ya sani, amma uban da ya je gaban hedimasta da takardar likita ya fi wanda ya je hannu rabbana ƙarfin magana. Da wannan takarda zai roƙi a zaunar da yaron a gaba, a daina yi masa bulala kan abin da ba taurin kai ba ne. Wannan tafiya ta uba ce, kada a bar wa uwa ita kaɗai. Haka nan da yawa cikin yaran nan suna da ficewa ba sallama, ba sa tsoron titi, ruwa kuma yana jan su. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, a ɗaga sakatar ƙofar gida sama da inda hannunsa ke kaiwa, a gaya wa maƙwabta da mai shago da masu a-daidaita-sahu na bakin layi cewa in sun gan shi shi kaɗai kada su tsaya kiran sunansa, su kama hannunsa su dawo da shi gida.