Keken da zai iya da burjin Roni da Gwiwa

Wani aminina da ke son zaga ƙasar Kazaure a kan keke ya tambaye ni wane iri zai saya. Daga Kano zuwa Kazaure ta Ɗambatta kwalta ce, kowane keke zai kai ka. Sai ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Roni da Gwiwa za ka gamu da burji da gargada da tsakuwa, ga hawa ga gangara a gindin duwatsu. Ta wajen Babura kuwa, kusa da iyakar Nijar, rairayi ne ke riƙe taya.

Don haka keken burji ake bukata, amma akwai tarko a wurin masu kekunan gwanjo. Keken tsere da keken burji duk kansu a lanƙwashe yake, kuma wasu dillalai ba su damu su bambanta maka ba, tunda mai lanƙwasasshen kai ya fi kuɗi. Wannan ba daidai ba ne. Na ga saurayin da aka sayar wa keken tsere, yana gangarowa kan tsakuwa, kan keken na fizgarsa dama da hagu, har sai da ya sauka ya tura.

Laifin na ƙirar firam ne. A keken tsere, fok ɗin gaba a miƙe yake, wajen digiri 73, tayoyin biyu kuma suna kusa da juna, shi ya sa da ɗan taɓi yake juyawa. A kwalta daɗi ne, a gargada wahala. Na burji fok ɗinsa ya ɗan kwanta, digiri 70 zuwa 72, tsakanin tayoyinsa da tazara, wurin da feda ke juyawa kuma ya fi kusa da ƙasa. Ba ya saurin shan kwana, amma yana tafiya a natse ko da ka ɗaura kaya a baya.

Ba sai da ma'auni ba. Tsuguna ka dubi sararin da ke tsakanin taya da ƙarfen firam. In ba zai karɓi taya mai faɗin milimita 40 ba, bar musu abinsu, domin siririyar taya mai 25 nutsewa take a rairayin Babura. Sannan ka hau, ka karya kan a hankali, ka ga ko takalminka na gogar tayar gaba.



Ka tafi da tub naka da famfo da kayan faci, saboda tsidau ba ya raga wa taya. Masu gyaran keke a ƙauyuka gwanaye ne, amma sun fi ajiye kayan Phoenix da ire-irensa, wanda gargarensa milimita 635 ne, naka kuwa 622. Tayarsu ba za ta zauna a naka ba, ko da duka biyun an rubuta musu inci 28.