Shari'ar Allah a Bakin Gona

Sa'anda Ubangiji ya ba Isra'ilawa shari'a ta hannun Musa a Dutsen Sinai, umurninsa ya kai har gona. Cikin Littafin Firistoci sura 19 ya hana su girbe gona kaf, sai su bar gefenta da kala domin matalauci da baƙo. Ya kuma hana ladan ɗan ƙodago ya kwana wurinsu.

Mu fa? Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya iso Kura da Bunkure, muna noman shinkafa da alkama da tumatir har da rani, 'yan ci-rani suna taya mu girbi. Ruwan nan kyautar Allah ne. 'Yan'uwa, mu biya su kafin faɗuwar rana, mu bar wa gwauruwa kala.