Amanar Soja da ta Lauya

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi mutumin da amanar aikinsa ta ci karo da bukatar gidansa.

A shekara ta 8 bayan Hijira, sa'ad da Annabi (S.A.W.) ke shirin buɗe Makka a asirce, Sahabi Haɗib ɗan Abi Balta'a ya aika wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su, don su kare masa iyalinsa da ke can. Aka tare takardar a hanya. An yafe masa domin ya halarci Badar, amma farkon Suratul Mumtahana ya sauka da gargaɗi. Saboda haka, sojan da aka ɗora wa sayen kayan bariki alhali ƙanensa ɗan kwangila ne, wajibi ne ya shaida wa shugabansa, ya tsame hannunsa.

Haka nan lauya, kada ya tsaya wa mutum biyu masu husuma da juna, kada kuma ya kai asirin wannan wurin wancan. Malamanmu na Malikiyya ba su karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ko da adili ne, don a toshe ƙofar tuhuma.

Allah Ya sa mu riƙe amana, amin.