Hatsin da ba ya yin gari

Idan hatsi ya fid da kai, wasu ƴan zare farare masu laushi ne suke fara fitowa bisa zangarniya. Su ne sashen mace na furen. Bayan kwana biyu ko uku sai bununi ya fito, watau sashen namiji, mai ɗauke da gari rawaya. Iska ce take kwashe garin ta kai shi bisa wata zangarniya. In gari bai faɗa bisa zaren ba, babu ƙwaya.

Amma akwai hatsin da bununinsa fanko ne, babu gari mai rai a ciki. Zangarniyarsa mace ce kawai. Tana yin ƙwaya sarai, in dai iska ta kawo mata garin maƙwabta.

Mi ya sa irin wannan tsiro bai ɓace ba? Tsiro mai mace da namiji yana barin gado ta hanya biyu, ta ƙwayarsa da ta garinsa. Maras gari kuwa hanya guda gare shi. A shekarar 1941 wani masanin tsirrai na Ingila mai suna Lewis ya yi lissafin abin. Yawancin gadon tsiro rabi daga uwa yake, rabi daga uba. Idan rashin garin yana cikin wannan gado, kafin ya yaɗu sai tsiron ya yi ƙwaya fiye da ninki biyu: in maƙwabcinsa ya yi 100, shi sai ya wuce 200. Wannan da wuya.

Sai dai akwai wani ɗan gado da uwa kaɗai take ba da shi, garin uba ba ya ɗauke da shi. In rashin garin a nan yake, ƙwaya 101 ma ta isa ya yi ta yaɗuwa. Bai yi hasarar kome ba, don da ma ba ta gari yake bi ba.

Masu gyaran iri sun ci moriyar wannan. Suna shuka layin maras gari kusa da layin wani hatsi mai kyau. Duk ƙwayar da maras gari ya yi, an san ubanta. A Tifton, cikin Amurka, Glenn Burton ya samu irin wannan hatsi, aka sa masa suna Tift 23A. Da shi aka haɗa sabon iri a Indiya a 1965, ya ba da amfani mai yawa.

Dabarar tana da haɗari, don gonaki dubbai sai su zama ƴaƴan uwa guda. A 1970 yawancin masarar Amurka gadon uwa ɗaya gare ta. Wata cutar ganye ta kama ta, aka yi hasarar kusan kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar.

Tambayoyi
1. Mi yake fara fitowa bisa zangarniya?
2. Ta yaya hatsi maras gari yake yin ƙwaya?
3. In maƙwabci ya yi ƙwaya 300, nawa maras gari zai wuce idan gadon na uwa da uba ne?